Keken ɗinkin da aka ce ya mutu: nazarin gyaran wani tsohon Singer a Birnin Damagaram

Keken da wannan bayani ya shafa Singer ne baƙi, na takawa da ƙafa, mallakar wata dattijuwa da ke zaune a unguwar Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram. Na marigayi mijinta ne, wanda tela ne, shi ma kuma ba sabo ya saye shi ba. Bayan rasuwarsa keken ya shiga hannun 'ya'ya da yaran shago, daga baya aka tura shi lungun zaure aka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Kafin ya zo hannunmu masu gyara biyu sun taɓa shi, kuma hukuncinsu ɗaya: ya ci zamaninsa, a sayar wa 'yan gwangwan, a cika kuɗi a sayi Butterfly.

Ni gyaran keke ba shi ne sana'ata ta asali ba. Tsofaffin kawunan keke nake tarawa, waɗanda nake tsinta a Kasuwar Dole da wajen 'yan gwangwan da ƙauyukan Mirya da Matamaye, in wanke su, in tayar da wanda zai tashi. Wanda na koyi aikin a wurinsa wani dattijo ne mai rumfar gyara a Zango, Baba muke ce masa, kuma tare muka yi wannan aikin daga farko har ƙarshe. Na zaɓi in rubuta labarin wannan keke filla-filla don abin da ya same shi yana samun ire-irensa da yawa a garin nan. Akasarinsu ƙarfensu lafiya lau yake. Abin da ke kwantar da su shi ne hannun mai gyaran da bai tsaya ya gane wane irin keke ne a gabansa ba.

Yadda aka kawo shi

Jikar Hajiya, wato dattijuwar mai keken, ce ta tayar da maganar. Tana koyon ɗinki a wata cibiyar koyar da mata sana'a, tana bukatar keken da za ta riƙa gwada hannu a gida. Gidan ya rabu uku a kan lamarin. Babban ɗan Hajiya na son a sayar, har wani ɗan gwangwan ya zo ya ɗaga kan keken ya taya jikka 3. Yarinyar na son a gyara, amma a fesa masa sabon fenti a ɗaura masa mota, wato injin lantarki mai juya shi. Hajiya kuwa cewa ta yi in dai ba za a gyara shi ya koma yadda Malam, mijinta, ya bar shi ba, to a bar mata kayanta a zaure.

Ƙorafin da aka zo da shi uku ne: tayar hannu ba ta juyawa sai an sa ƙarfi, in an tilasta ta juya keken na tsallake ɗinki, sannan yana karya allura. Teburin gara ta ci ƙasansa, bel ɗin fata ya tsinke an ɗaure shi da waya, kuma sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu ta tsage a gefe ɗaya.

Gane keken tukuna

Baba bai ɗauki turnabis, abin kwance noti, ba sai da ya sa aka share ƙurar da ke kan gadon keken aka karanta abin da ke jikinsa. A saman hannun keken akwai rubutun da ke nuna a Birtaniya aka ƙera shi. Lambar da aka buga a gefen dama na gadon ta fara da haruffa biyu, na farkon E ne, wanda shi ne tsarin lambobin masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotlan tun daga 1935. Wannan masana'anta ta yi aiki tun shekarun 1880 har aka rufe ta a 1980, kuma kekunan da suka fito daga cikinta ana ƙara musu harafin K a bayan lambar samfuri. Abin da ya yanke mana maganar shekara shi ne tambarin tagullar da ke jikin ginshiƙin: yana da shuɗin baki, an rubuta 1851 da 1951. Tambarin cikar kamfanin shekara 100 ne, wanda aka manna wa kekunan da aka fitar a daidai wannan lokaci. Ke nan keken ya haura shekara 70.

Sai samfuri. Maɗaurin zaren sama yana jikin farantin fuska ta hagu, alamar dangin Singer 15 ke nan. Akwai sandar tsawon ɗinki mai lambobi daga 6 zuwa 30, wadda in aka ɗaga ta sama keken zai yi ɗinkin baya. Da Baba ya kwantar da kan keken ya leƙa gidan ƙoshiya, wato mazaunin ɗan ƙarfen da ke riƙe kwarkwaron zaren ƙasa, sai ya kira ni ya nuna mini ɗan ramin da ƙahon ƙoshiya ke shiga. Yana gefen hagu, wajen ƙarfe 11 in mutum ya ɗauki gidan a matsayin fuskar agogo. Wannan ya tabbatar mana 15K88 ne.

A nan duk matsalar take, don haka bari in ɗan tsaya. Butterfly da ke ko'ina a shagunan teloli daga Damagaram har Kano, wanda ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin, kwaikwayon Singer 15 ne, haka ma kekunan Japan na bayan yaƙin duniya na biyu da wasu na Indiya. Daga nesa duk kamarsu ɗaya: baƙi, ado ruwan zinariya, maɗaurin zare a fuska. Kwarkwaronsu ɗaya, allurarsu ɗaya. Amma waɗannan kekuna tsohon tsarin Singer 15 suka bi a gidan ƙoshiya, inda ƙahon ke kallon ƙarfe 1, ana sa allura da shafaffen gefenta yana kallon dama, a zura zare daga hagu zuwa dama. Shi kuwa 15K88 da 'yan uwansa 89 da 90 da 91 akasin haka suke: ƙaho a ƙarfe 11, shafaffen gefen allura a hagu, zare daga dama zuwa hagu. Mai gyaran da ya tashi bai san keke ba sai Butterfly, in aka kawo masa wannan, hannunsa da kansa zai sa allura yadda ya saba.

Haka kuwa aka yi. Da muka ciro ƙoshiyar, ta Butterfly ce. Ga dukkan alamu ta asalin ta ɓata, aka je kasuwa aka sayo wadda ake samu. Da ta ƙi zama, sai aka murɗa ta har ƙahon ya shiga ramin, ƙofar da allura ke bi ta kauce daga inda ya kamata, mai gyaran ya sa magagari ya faɗaɗa ta. Sawun magagarin na nan ɓaro-ɓaro. Allurar da muka tarar a jiki an sa ta irin ta Butterfly. In allura ta juya haka, madaukin zaren da take yi idan ta fara tasowa daga ƙasa yana fitowa ne ta ɓangaren da bakin ƙugiya, ƙarfen da ke kama zaren sama ya sarƙa shi da na ƙasa, ba ya bi, sai ƙugiyar ta wuce ba ta kama komai ba. Tsallaken ɗinkin ke nan. Mai gyara na biyu da ya ga tsallaken bai duba allura ba, sai ya kwance sandar allura ya sauke ta ƙasa wai ta kusanci ƙugiya. Daga nan allura ta fara dukan ƙarfe tana karyewa, ta kuma yi wa bakin ƙugiyar rauni. Kowane gyara ya haifi sabuwar cuta, har aka kai ga cewa keken ya mutu.

Ba ina zagin masu gyaran ba ne. Mutum abin da ya gani yake koya, kuma a cikin kekuna goma da za a kawo rumfa yau da wuya a sami irin wannan. Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci, domin daga wannan hukuncin sai sikelin ɗan gwangwan, kan keke mai nauyin sama da kilo 10 ya tafi a narke.

Wanki

Taurin taya dalilinsa daban. Da muka cire farantin fuska da zagayayyen murfin baya, duk mahaɗan ƙarfe sun yi wani abu ja-ja-baƙi da ya daskare kamar ƙaro a jikin itace. Baba ya shinshina ya ce man gyaɗa ne. Da aka tambayi Hajiya ta ce lalle bayan rasuwar Malam yara kan ɗiga masa na kicin in ya fara ƙara. Man gyaɗa yana santsi a ranar da aka zuba shi, amma in ya daɗe iska na shan sa yakan yi danƙo ya bushe, ga ƙurar hunturu ta garin nan tana shiga tana cakuɗewa da shi. Baƙin man mota ma da wasu ke zubawa ya yi wa keke kauri. Keke ba ya son komai sai farin mai marar kauri da aka yi dominsa.

Maganin danƙon kananzir ne da haƙuri. Muka cire allura, takalmin danne yadi, farantin allura, haƙoran da ke jan yadi, da gidan ƙoshiya gaba ɗaya, muka jiƙa su a gwangwani. Sauran jikin kuma muka riƙa ɗiga kananzir a kowane ramin mai da kowace mahaɗa, sama da ƙasa, mu ajiye keken a inuwa da zafin rana ya ɗumama ƙarfen, mu dawo mu girgiza tayar gaba da baya a hankali. Ba a kama taya da filaya, ba a bugun ta. Ƙarfen zubi ne, yana da ƙarfi amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake. A hankali ruwan da ke fitowa ya tashi daga baƙi ya koma ja, ya koma fari, tayar ta fara zagayawa da yatsa ɗaya. Sai aka goge kananzir ɗin, domin shi wanki yake yi, ba ya zama a matsayin mai, aka bi kowane rami da ɗigon man keke.

Wani abu da Baba ya nace a kai shi ne bakin turnabis. Sai da ya wasa nasa ya cika tsagar kowane noti daidai kafin ya murɗa. Notocin Singer zarensu na kamfanin ne, ba a zuwa wajen mai kayan babur a sami madadinsu. In kan noti ya lalace, an jawo aikin da ya fi wanda aka zo yi.

A ƙarƙashin gadon mun tarar da wani ƙaramin abu da ya faranta wa Hajiya rai. Wannan samfurin yana da notin hannu da ake sassautawa haƙora su sauka ƙasa, yadda tela zai riƙa juya yadi da hannunsa yana yin ado ko cike ɓula. Notin a sassauce yake rabi da rabi, shi ya sa haƙoran ba sa jan yadi sosai. Da na gaya mata, sai ta ce ai da shi Malam ke yin aikin wuyan riga gab da salla.

Maganar fenti

Nan ne aka yi ja-in-ja. Baƙin da ke jikin waɗannan kekuna ba fentin gwangwani ba ne. Wani baƙin shafi ne da ake gasawa a tanda har ya kama ƙarfe, sannan a manna adon zinariyar, a bi samansa da siririn shafi mai ƙyalli da ake kira shalak. Wannan na saman shi ke kare adon, kuma ba ya jure alkol, ko esanshi, ko ruwa da garin sabulu. Wanda ya wanke keke da su zai ga zinariyar ta koma fari-fari ko ta goge gaba ɗaya, kuma ba ta dawowa. A gaban gadon wannan keken adon ya riga ya shuɗe inda yadi da hannun tela suka yi shekaru suna gogawa, amma na hannu da na ginshiƙi yana nan. Abin da muka yi kawai shi ne auduga da man keke, a shafa a hankali, a bar shi ya jiƙa dattin, a goge da tsumma mai laushi, a sake. Baƙin ya fito, adon da ya rage ya haska.

Yarinyar ba ta gamsu ba. Ta ce: "Baba, ai da an fesa masa fenti ya koma sabo. Haka zan kai shi ƙawayena su gani duk ya koɗe?"

Baba ya ce: "Ɗiyata, in na fesa masa, kafin damina biyu zai fara ɓarewa yana ɓata miki farin yadi. Wannan da kike gani ya fi shekarun babanki, bai ɓare ba. Inda ya koɗe kuwa hannun kakanki ne ya koɗar da shi."

Ni ma ra'ayina ke nan, har da ƙari. Na sha ganin kekunan da aka fesa wa fenti an toshe ramukan mai, an rufe lamba, ta yadda mai gyara na gaba ba zai ma gane samfurin ba. Da tsatsa ta ci jikin har ƙarfe ya fito fili, da sai a yi maganar sabon shafi, amma wannan bai kai can ba. Hajiya ta yanke maganar da cewa a bar shi da launinsa.

Mota kuwa ba mu hana ba, domin keken yana da wurin ɗaura ta a jikin ginshiƙi, kuma cire ta ba wuya. Shawara muka ba ta ta fara koyon takawa. Duk telan garin nan yana tune da abin da ya faru daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a maido ba sai Maris 2024. Masu keken ƙafa su suka ci gaba da ɗinki ba tare da jiran kowa ba. Ban da haka, mai koyo ya fi gane keke in ƙafarsa ce ke ba shi gudu, yana jin inda ya yi nauyi tun kafin zare ya tsinke.

Ƙoshiya da saitin allura

Ƙoshiyar ƙarfe 11 ba mu same ta a shagunan kayan keke da muka duba ba, duk ta ƙarfe 1 ce. Abin da ya cece mu wani mataccen kai ne da ke cikin tarina, shi ma 15K88, wanda na saya a wajen 'yan gwangwan bayan ya faɗo daga amalanke hannunsa ya rabe biyu. Ba zai sake ɗinki ba har abada, amma cikinsa lafiya. Daga jikinsa muka ɗauki ƙoshiya, da siririyar wayar da ke jan ragowar zare a maɗaurin sama, wadda ta wannan keken ta karye. Mutane kan yi mamakin abin da nake yi da fasassun kekuna a ɗaki. Amfaninsu ke nan.

Bakin ƙugiyar da allura ta yi wa rauni Baba ya bi shi da takardar gogewa mafi laushi da ɗigon mai, kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da farcensa har ya daina kamawa. Ba a cin ƙarfen da yawa, in bakin ya gajarce an rasa ƙugiyar. Faifan maɗaurin zare guda biyu da suka yi tsatsa su ma aka goge su suka yi sumul.

Sai mayar da sandar allura wurinta. A irin wannan keke ba a cika taɓa lokacin ƙugiya ba, a kafe yake tun daga masana'anta, tsayin sandar allura ake daidaitawa. Aka sa sabuwar allura, shafaffen gefe a hagu, aka juya taya har ta kai ƙarshen saukarta ta fara tasowa. A daidai lokacin da bakin ƙugiya ya iso tsakiyar allura, ya kamata ya kasance sama da idon allurar da kamar milimita ɗaya da rabi. Baba ya sassauta notin, ya ɗaga sandar har hakan ta samu, ya ɗaure.

Ƙarfin zaren ƙasa an gwada shi yadda teloli suka saba: a riƙe bakin zare a bar ƙoshiya tana lilo, in an ɗan girgiza ta sauka kaɗan ta tsaya. Daga nan aka daidaita na sama da shi har ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Mun fara da atamfa ninki biyu, sannan shadda mai sitati, sannan kaki ninki huɗu a kan haɗin ɗinki. Bai tsallake ba, gaba ko baya.

Ƙafafu da tebur

Wannan bai ɗauki dogon tunani ba sai a wuri ɗaya. Mai walda ya so ya ɗinke tsagar sandar da ke haɗa ƙafafun da wutar lantarki, Baba ya ƙi, domin ƙarfen zubi in ya sha zafi a wuri ɗaya ya huce da sauri yakan sake tsagewa a gefen waldar. Aka huda ramuka aka ɗaura masa faffaɗan ƙarfe ta baya da notoci. Ba shi da kyan gani in an leƙa, amma ya riƙe. Kafinta ya canza katakon da gara ta ci ya bar aljihunan asali. Bel kuwa wani baduku ya yanko mana daga fatar saniya, ya murza shi ya zama zagayayye mai kaurin kamar milimita 5, aka haɗa bakinsa da ƙaramar waya. Garin da ya shahara da jima da dukanci bai kamata a rasa bel ɗin keke a cikinsa ba. Gaba ɗaya abin da aka kashe bai kai rabin kuɗin sabon keke da teburinsa ba.

Ta wace hanya keken ya iso Damagaram? Singer na da masana'anta a Faransa ma, a garin Bonnières, kekunanta na ɗauke da harafin B, kuma akwai su a cikin tarina. Wannan na Birtaniya ne, kuma zatona ta Kano ya shigo. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fataken Damagaram ke kai gyaɗa da fata can su dawo da kayan kanti, kuma mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926 bai tsayar da wannan zirga-zirga ba.

Bayan an mayar da shi

Ba a daɗe ba yarinyar ta aiko cewa keken ya koma tsallake. Da na je, wata ƙawarta ce ta canza mata allura, ta sa ta yadda ake sa wa kekunan cibiyarsu. Aka juya allurar, magana ta ƙare. Na zana mata hoton allura da kibiyar da ke nuna hanyar zare a takarda, muka manna a cikin aljihun tebur, na kuma roƙi Hajiya kada a bar kowa ya kai shi gyara ba tare da an faɗa wa mai gyaran cewa ƙoshiyarsa ta ƙarfe 11 ce ba.

Akwai abin da bai gyaru ba. Sandar allura tana da ɗan wasa a cikin gidanta saboda shekarun da ta yi tana aiki cikin ƙura ba mai kirki, don haka a kan yadi marar kauri sosai, in aka taka da gudu, ɗinkin kan ɗan karkace. A atamfa da shadda ba a ganin haka. Robar naɗin kwarkwaro ta Butterfly muka sa, ta yi daidai. Ƙoshiyar kuwa guda ɗaya ce tak a gidan, in ta ɓata an koma gidan jiya, shi ya sa na bar saƙo wajen 'yan gwangwan biyu da nake hulɗa da su cewa duk baƙin keken da ya shigo hannunsu su kira ni in leƙa ƙarƙashinsa kafin su ɗora shi a sikeli.